Ɗauko Yaya Sale daga Garken Khumra

Tun da na dawo daga Jidda ba a bar ni na sha iska ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a karar shanu ranar kasuwa a tambaye ni, har mai faci ya riƙe mini keke ya ce sai na ba shi labari. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba malamin ya kore ni, don na sa masa gyare a hula. Abin da na iya a duniya shi ne bin bayan shanun huɗa.

Ba yawo ne ya kai ni ba. Yayana na je ɗaukowa. Yaya Sale ya tafi aikin hajji tun gemuna yana baƙi, bai dawo ba. Da fari yana aiko da saƙo, ana nan saƙon ya riƙa ja baya, har muka koma jin labarinsa a bakin alhazai. Iyayenmu suka rasu bai gan su ba. Matarsa ta gaji da jira, alƙali ya raba auren. Kwatsam bara sai ga muryar wata mata a wayar ɗana Habu, Hausarta rabi Larabci, tana cewa, "Ku ne dangin Ammi Saleh na Rafin Kanya? Ku zo ku ɗauki mutuminku tun yana iya takawa."

Aka taru a zaure aka ce wa zai je. Kowa ya kalle ni. Ba don na fi hankali ba, sai don ni kaɗai na rage wanda Yaya zai zaga ya ƙi yin fushi. Aka nema mini bizar umara.

Daga Rafin Kanya zuwa Kano a ƙaramar mota muka tafi, ni da wata akuya a kan cinyata wadda ba tawa ba. A filin jirgi aka ce mu ɗaura harami tun daga nan. Na ɗaura nawa irin ɗaurin da nake yi wa dami, wanda bai taɓa kwancewa a kan amalanke ba. Ashe dami ba ya hawa matakala. Ina ɗaga ƙafa zanen ƙasa ya nemi rabuwa da ni, na cafe shi da hannu biyu, jakata ta gangara ta bugi wani alhaji mai tumbi. Ya ce, "Baba, tun ba mu tashi ba?" Na ce masa ya yi haƙuri, yau na fara zama mutumin kirki.

Cikin jirgi ban ga komai ba, don idona a rufe yake. An kawo abinci a ɗan akwati, na ci shinkafar, na bar wani abu fari mai santsi da ban san ko ci ake ko shafawa ba.

A Jidda ne na san ina da laifin da ban sani ba. Akwai wata na'ura mai koren haske da kowa ke ɗora yatsunsa a kai, suna ce da ita basma. Na ɗora nawa, ta yi shiru. Jami'in ya goge gilashin, na sake ɗorawa, shiru. Ya kama hannuna ya juya ya duba. Shekara da shekaru na riƙon garma sun shafe zanen yatsuna, sun bar fata sumul kamar bayan ƙwarya. Ya shafa mini wani mai, ya danna da ƙarfinsa, layi ya yi tsawo a bayana, masu jira suna ta tsaki da harsuna iri-iri. Daga ƙarshe ƙaramin yatsana na hagu, wanda bai taɓa yin aikin kirki ba, shi na'urar ta yarda da shi. Jami'in ya yi dariya ya ce, "Yalla, ya Hajj." Da malalacin yatsa na shiga ƙasa mai tsarki.

Na yi umarata. Wannan ba zan ba da labarinsa ba, don da na ga Ɗakin Allah bakina ya mutu, kuma har yau bai farfaɗo a kan wannan ba.

Matar da ta yi waya ita ta sauke ni. Ummu Yasir ake kiranta, dattijuwa ce mai jiki, tana dafa abinci tana kai wa leburori. Gidanta a Ammariyya yake, tsohuwar unguwa mai lunguna, a wani bene da matakalarsa ta fi ta jirgi mugunta. A Jidda aka haife ta, haka uwarta. Ta ce kakanta daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa, da takarkari ɗaya ɗauke da kayansa, yana tafe yana noma a hanya, takarkarin ya mutu a Sudan shi ya ƙaraso. Ita kuwa ba ta taɓa ganin sa yana aiki ba.

"Ya Ammi, wai da gaske sa yana jin magana?"

Na ce, "Ya fi 'ya'yana."

Ta ba ni ɗaki mai na'urar sanyi da ban san inda ake kashe ta ba, na kwana a ƙudundune cikin haramina kamar gawa. Da safe aka kawo wake dafaffe da aka dame da mai, ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Na tambayi koko, ta ce sai dai shayi. Su a can da wake suke karyawa, kuma ba wanda na ji ya yi ƙorafi a sahu.

Da muka sauko sai na ga ta buɗe mota ta zauna a mazaunin direba. Na tsaya ina waige ko direban na zuwa. Ta ce, "Yalla, shigo, rana na yi." Na shiga na yi addu'ar da ban yi a jirgi ba. Amma in faɗi gaskiya, ta fi direban motar akuya sau nawa.

Khumra can kudu take, bayan gari, duk rumfunan ajiyar kaya ne da garejoji da dogayen ɗakunan leburori. Tun kafin mu isa hancina ya gaya mini an zo, warin kashin shanu ya shigo motar, na ji kamar an yi mini sallama da Hausa. Nan ake tsare dabbobin da jiragen ruwa ke kawowa daga Sudan da Habasha da Somaliya, a manyan garkuna masu shingen ƙarfe, kafin mahauta su zo.

A bakin wani kwamin ruwa na ga Yaya. Ya rame, ya ranƙwafa, yana jan ƙafar dama da aka naɗe da tsumma. Na yi sallama. Ya daɗe yana kallona da ido ɗaya, don ɗayan ya yi fari.

"Ilu," ya ce. "Ka tsufa."

"Kai kuwa Yaya kana nan saurayi."

Muka zauna a kan buhun sha'ir, na riƙe hannunsa, na gaya masa waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Allah ya jiƙansu. Da na zo kan Inna sai ya tashi ya je ya buɗe famfo a kwamin da yake cike.

Ƙafar, wani bijimi ne ya taka ta, ciwon ya ƙi warkewa. Ba shi da iƙama, takardar zama ke nan, don haka asibiti ba wurin zuwansa ba ne. Hanyar komawa gida ɗaya ce, ya kai kansa ga hukuma su tsare shi su mayar da shi, abin da suke kira tarhil. Wanda aka mayar ta wannan hanya an ɗauki yatsunsa, ba zai sake shigowa ba.

Na ce, "Yaya, gida na zo mu tafi."

Ya ce, "Ka gaishe su."

Na kwana uku ko huɗu ina bin sa kamar ƙuda. Na yi lallashi, na yi gori, na yi ƙaryar cewa Habu ya sa wa ɗansa sunansa, alhali sunan surukinsa ya sa. Amsarsa biyu ce kullum. Ta farko, ya zauna shekarun nan duka a ƙofar Makka, ba zai tashi yanzu da mutuwa ta matso ya je a binne shi a bayan kwatar Rafin Kanya ba. Ta biyu ita ce ta gaskiya, kuma sai da kyar ta fito.

"In koma da me, Ilu? Da wannan ƙafar? In zauna a zaure yara su riƙa kawo mini tuwo daga rumbun da ban zuba ko zangarniya ɗaya ba? Gara in mutu a nan cikin shanun mutane."

A garken akwai wani mutumin Habasha, Gabre, Yaya na ce masa Gabru. Dogo ne siriri, ya manyanta, da baƙin zare a wuyansa da yake turawa cikin riga. Kirista ne. Ban daɗe ba na gane wani abu. Yaya na ɗaukar cokalin ciyawa ya yi kamar yana aiki, amma Gabre ne ke ɗaga buhu, shi ke kwashe kashi, shi ke shiga tsakanin bijimai. In mai garken ya zo da motarsa, sai Gabre ya miƙa wa Yaya tiyo ya koma gefe. Abincinsu ma a faranti ɗaya. Gabre ya ba ni wani abu kamar sinasir mai faɗin faifai, launin toka, mai tsami kamar gasarar da aka manta da ita. Na ci don kunya, na kuma ƙara don daɗi. Wasu ranaku shi ba ya cin nama ko kaɗan, wai azuminsu ne, ga shi a tsakiyar shanu.

Abin da ya fi taɓa ni a garken nan shi ne shanun ba su da aiki. Ƙasar ba a huɗa, ciyawa a ɗaure take zuwa a mota, sa ya ci ya tsaya yana jiran wuƙa. Amma wata safiya na ga Gabre ya tsallake shanu da yawa ya je wurin wani tsohon ja mai karyayyen ƙaho, ya ba shi sha'ir a tafin hannunsa kafin a zuba wa kowa. Na matsa na shafa gaban tozonsa. Kanta ce, baƙa, mai tauri, gashin wurin ya mutu. Na san wannan kantar ko a duhu. Inda karkiya ke zama ne. San huɗa ne ya tsufa, mai shi ya sayar, aka sa shi a jirgin ruwa.

Na nuna kantar, na nuna masa tafin hannuna. Gabre ya buɗe nasa. Iri ɗaya. Muka yi ta dariya ba mu da harshe ɗaya.

Bayan la'asar muka zauna shan shayi a inuwar bulo, na ce Yaya ya tambayi Gabre me ya sa yake fifita tsohon san. Gabre na magana da Larabcinsa, Yaya na mayar mini da Hausa. Ya ce a ƙauyensu har yau da shanu suke sussuka. A share fili, a baza amfanin gona, a sa shanu su yi ta zagayawa a kai har tsaba ta fita. Na ce mu kam sanda da turmi ne, matanmu ne shanun, kuma kada ya gaya musu na faɗa.

Gabre ya ce wannan aikin sun gaje shi ne tun daga mutanen zamanin annabawa, waɗanda malaman cocinsu ke karanta musu labarinsu. Ga mutanen nan sa shi ne komai. Shi ke huɗa, shi ke sussuka, shi ke jan keken kaya, da shi ake auna arzikin mutum, kuma in za su yi wa Allah babbar hadaya shi suke kaiwa. Don haka shari'arsu ta ba shi haƙƙi kamar ɗan gida. Ranar hutunsu ta mako shi ma ba ya aiki. Ba a haɗa shi da jaki a karkiya ɗaya, don ƙarfinsu ba ɗaya ba, wani zai cutu.

Yaya ya tsaya a nan ya yi dariya ya ce, "To Baba ya karya wannan, da ya haɗa ni da kai."

Ita ce dariyarsa ta farko tun zuwana. Gaskiya ne kuma. Muna yara shi ke riƙe garma ni ke jan igiyar hanci, kuma duk kunyar da ta karkace a gonarmu ni ne.

Gabre ya ci gaba. Ya ce an hana su sa wa sa takunkumi yana sussuka. Abin da yake takawa yana da rabo a ciki, ya sunkuya ya ci, ba sata ba ce. Mu kuwa lokacin huɗar gero takunkumi muke ɗaura musu kada su ci shuka. Sai Gabre ya ajiye kofinsa ya faɗi wata magana doguwa, yana kallon Yaya. Yaya bai fassara ba.

"Me ya ce?"

"Surutu ne. Sha shayinka."

Ummu Yasir na tsaye a bayan motarta tana sauke kulolin abincin dare, ta ji komai. Ta ce, "La, ya Ammi Saleh, haram alaik. In ba za ka faɗa ba ni zan faɗa." Ta juyo gare ni. "Cewa ya yi, a shari'ar mutanen nan, in ka ga san ɗan'uwanka ya ɓace ba ka kawar da kai. Ka kora shi ka kai masa. In mai shi yana nesa, ko ba ka san shi ba, ka kai san gidanka ka ciyar da shi har ranar da mai shi zai zo nema. Ya ce shi ya tsare iyakar tsarewarsa. Kwangilarsa ta ƙare, kafilinsa, maigidan da ya ɗauko shi aiki, ya sallame shi, ƙarshen wata zai koma ƙasarsu. Shi ya roƙe ni in nemo ku. Ya ce yanzu mai shi ya zo, halas."

Yaya ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ni ba sa ba ne." Ya maimaita wa Gabre da Larabci. Gabre ya miƙa hannu ya kama hannun Yaya ya buɗe tafin, ya bar shi a buɗe a kan gwiwarsa.

Ni ba mai iya magana ba ne in ba ta tsokana ba, amma ranar Allah ya ba ni kaɗan. Na ce, "Yaya, gonar fadama wa ya sassabe ta? Wa ya hori Baƙi da Goje, shanunmu na farko, har Goje ya karya maka haƙarƙari? Kututturen da ka tone ni ban tone ko ɗaya ba, ina gindin kanya ina barci. Duk geron da ya shiga rumbun nan tun tafiyarka daga wannan gonar ya fito. Mu muke cin naka. Kai ka ɗaura wa kanka takunkumi."

Ya tashi ya ja ƙafarsa ya shige ɗaki. Na ce a raina na ɓata komai.

Washegari mahauta suka zo da babbar mota, cikin shanun da suka zaɓa har da tsohon jan. Ya tsaya a gindin katakon hawa ya ƙi motsi. Yaran mahauta suka fara dukansa da tiyo. Yaya ya daka musu tsawa, ya karɓi igiyar, ya tsaya ta hagunsa, ya yi masa ɗan tsakin nan da muke yi wa shanu a bakin kunya. San da aka haifa a Habasha ya sunkuyar da wuya kamar mai jiran karkiya, ya hau. Yaya ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana a bayan rumfunan kaya.

Ya dawo ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Wa ke riƙe garma yanzu?"

"Habu."

"Ya iya?"

"Ni na koya masa."

"Innalillahi," in ji Yaya. Sannan ya ce wa Ummu Yasir ta kai shi Makka ya yi ɗawafi ɗaya, daga nan ta kai shi inda ake kai mutane.

A keken guragu na tura shi ya yi ɗawafin. Bai yi kuka ba sai a zagayen ƙarshe. Ranar da za su rabu da Gabre ba su yi wata doguwar magana ba, sun dafa kafaɗun juna, Gabre ya sumbaci kan Yaya. Ni na ba Gabre hulata, ta yi masa kaɗan.

Bizata ta ƙare na riga shi dawowa. Ya biyo baya da 'yan makonni a jirgin waɗanda aka mayar, da leda ɗaya a hannu. Na tambaye shi ko na'urar basma ta karɓi yatsunsa. Ya ce ta wahalar da su, amma sun samu. Da ma na yi fatan kada su samu.

Damina ɗaya ya yi da mu. Kullum sai an ɗora shi a amalanke an kai shi fadama, ya zauna a gindin kanyar da nake barci a da, yana zagin Habu a kan karkatacciyar kunya. Ranar huɗar gero ya sa aka kawo shanun gabansa, ya kwance takunkumansu da hannunsa. Suka ci mana shuka ba kaɗan ba. Habu ya zo yana ƙunƙuni, na ce ya bar shi.

Da aka yi girbi aka tuƙa tuwon sabon gero, aka kai masa zaure. Ya ci ya suɗe kwanon, ya nemi ƙari, ba tare da an roƙe shi ba. Yana wanke hannu ya ce, "Ilu, ka raba ni da kabarin Makka."

Na ce, "Na raba ka, Yaya."

Ya ce, "To. Miƙo ruwan."

Kafin sanyi ya shigo ya rasu. Muka binne shi kusa da Inna, fuskarsa na kallon inda ya baro. Ko na kyauta masa ko ban kyauta ba, malamai biyu na tambaya suka ba ni amsa biyu, na daina tambaya. Na so in gaya wa Gabre, amma Ummu Yasir ta ce lambarsa ta daina shiga tun da ya tafi.

Masu tambayata yadda Jidda take, iyakar abin da na gani ke nan. Ban ga teku ba, ban shiga manyan kantunan da ake faɗa ba, tsarabar da na kawo dabino ne, shi ma rabi na cinye a hanya. Takunkuman suna nan a rataye a jikin rumbu inda Yaya ya sa aka rataye su. Habu ya tambaye ni ko bana za mu mayar musu, don shukar da suke ci tana yi masa ciwo. Na ce ya bari in mutu tukuna.